Ranar da Gola Ya Durƙusa wa Baba

Assalamu alaikum, mutanena. Ke da kika turo mani saƙo kina cewa wai ina tona asirin kowa a labarin nan ina rufe nawa, to yau ki gyara zama. Yau nawa zan tona, da hannuna, ba sai kin taya ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ummusalma, shekarata ashirin da biyar, haifaffiyar Jibiya. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mani, saboda haka Babanmu, Alhaji Ummaru mai hatsi, bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mani. Ko faɗa zai yi mani da "Uwata" yake farawa, kafin faɗan ya iso ya riga ya huce. Ina aiki a ofishin rajista na wata 'yar kwalejin kuɗi da ke bakin hanyar Maraɗi, ba zan faɗi sunanta ba, wanda ya sani ya sani. Aikina katin shaidar ɗalibai ne: in karɓi hoto, in buga suna, in manna, in tura cikin inji ya gasa leda a kai. Ku riƙe wannan a ranku.

Kwalejin tamu tana da ƙungiyar ƙwallo. A takarda sunanta Zakunan Kan Iyaka. A bakin mutanen gari kuwa Kwando, domin duk wanda ya zo sai ya zuba ya tafi. Shekara huɗu suna shiga gasar kwalejoji, shekara huɗu suna dawowa gida tun zagayen farko. Mai tsaron gidan nasu kuwa ƙanena ne, Zunnuraini. Wallahi ban taɓa ganin mai son abu kamar yadda yaron nan yake son tsaron raga ba. Safar hannunshi ta yage, shi yake zama da zare da allura ya ɗinke. In an bugo ƙwallo zai tashi sama da kyau, ya faɗi da kyau, sai dai ita ƙwallon ta ɗaya gefen take bi.

Farkon damina aka kawo sabon koci, Abdulbaƙi.

Kai jama'a! Kwat ruwan toka a zafin Jibiya. Usur rataye a wuya har cikin sahun salla. Kwamfutar hannu mai tsagaggen gilashi a hammata, wadda har yau ban ga wanda ya taɓa ganinta a kunne ba. Ya ce ya yi kwas ɗin horarwa na ƙasar waje. Daga baya na gano ta waya ya yi shi, kwana tara, kuma bai ƙarasa ba don data ta ƙare. Amma kada in yi maku ƙarya, yana da kyau. Gemu a gyare kamar da rula aka auna, ga ƙamshi, ga wata murya ƙasa-ƙasa. Ranar da ya shigo ofishinmu karɓar katinshi, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Malama, hoton nan bai yi mani adalci ba, amma tunda hannunki ya taɓa shi na yafe."

Na ce, "Allah ya kyauta," na sha mur. A zuci kuwa na riga na zaɓi kalar ankon biki.

A gida kun san halin da ake ciki. Inna ba ta da hira sai ta wance ta haihu, wance an kai lefenta, wance da kuka yi firamare tare 'yarta ta shiga firamare. Baba shi ba ya takura mani. Magana ɗaya ya yi: "Uwata, ki kawo wanda ranki ya kwanta da shi, amma mai sana'a."

Ranar da Koci ya zo gaishe shi ina laɓe bayan labulen zaure. Baba ya ce, "Samari, mi ce ce sana'arka?"

"Ina horar da 'yan wasa, Baba."

"A'a, sana'a nike tambaya."

Koci ya gyara kwat ya shiga bayani. Yanzu dai gwaji aka ɗauke shi, amma shugaban kwaleji ya yi alkawari, in ya kawo kofin bana za a ba shi takardar aiki ta dindindin, da albashi da komai. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "To madalla. Kawo takardar in ga hatimi, sannan ka turo manyanka."

Kun ji inda aurena ya rataya. A wuyan Kwando.

Wani abu kuma, bana ba mu da fili. Mai gadin kwaleji ya shuka gero a filin ƙwallon tun ruwan farko, an ce da sanin shugaba, wai rabi da rabi za su yi. Saboda haka duk wasanninmu a garuruwan wasu aka buga su, Katsina, Dutsin-Ma, har Funtuwa. Wasan farko aka ci mu huɗu da nema. Koci ya ce yaran ba su gane sistem ba tukuna. Ya tara su gaban allo ya cika shi da kibiyoyi, wannan ta yi sama, wannan ta lanƙwasa ta dawo, suna kallo baki buɗe kamar an ba su takardar likita su karanta. Wasa na biyu aka ci mu biyar da ɗaya, ɗayan ma ɗan bayansu ne ya ci gida.

Ranar Talata ina cikin tsince shinkafa wayata ta yi ƙara. Koci ne.

"Hasken idona, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Akwai magana ta sirri. Ta shafi firojek ɗinmu."

Aurenmu ne firojek, in ba ku gane ba.

Bayan la'asar ya zo. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli, na feshe turaren Inna na Maraɗi ba da saninta ba. Na kai mashi zoɓo mai sanyi a jug ɗin baƙi. Bai ko kalli kwalliyar ba. Ya ciro ambulan daga aljihun kwat, ya zazzage ƙananan hotuna uku a kan tire.

"Su wane ne waɗannan?"

"Mafita." Ya rage murya. "'Yan wasa ne daga Maraɗi, ƙwararru. Ɗan gaba, ɗan tsakiya, da gola. Dokar gasa ta ce sai ɗalibi, kuma kati kawai suke dubawa kafin wasa. Kin gane?"

Na gane sarai, amma na ce ban gane ba.

"Sunayen da muka tura farkon gasa ba a canza su. Biyu daga ciki sun bar makaranta, sai ki manna waɗannan biyun a katinsu. Gola kuwa ɗaya muka yi wa rajista."

Na dube shi. "Zunnu? Ƙanena?"

"Sunanshi kawai za mu ara, ba kashe shi za mu yi ba. In aka ci kofi har lambar girma zai samu yana zaune. Salma, kin ji abin da Baba ya ce da kunnenki. In aka sake cin mu ko sau ɗaya an fitar da mu, ni kuma in tattara in koma garinmu. Haka kike so?"

Na ce zan yi tunani. Kuma na yi, kada ku zalunce ni. Na yi tunanin tun daga zaure har ƙofar ɗakin Inna.

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Na ɗauko katin Zunnuraini daga fayil ɗin 'yan wasa, na tsaga ledar da reza, na sa farce na ɓare fuskar ƙanena. Hoton da ya ɗauka ne da rigar Sallah, yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Na manna wani dogon mutum mai faɗin goshi da ban taɓa gani ba, na tura a inji. Minti biyu aka gama. Hoton Zunnu na rasa yadda zan yi da shi, na kasa jefa shi a shara, sai na cusa shi cikin 'yar jakar kuɗina, bayan katin banki.

Da yamma na same shi bayan ɗaki yana wanke takalmanshi na ƙwallo. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai na faɗa mashi. Na shirya ya yi ihu, ya zage ni, ya kai ni ƙara wajen Inna. Sai kawai ya ci gaba da goge takalmin da tsohon buroshi.

"Yaya, kina son shi?"

"Ina son shi."

"To ba komai."

Da zagin ya yi da na fi samun barci.

Daga nan Kwando ta toshe. Ɗaya da nema. Biyu da nema. Canjaras, sannan biyu da ɗaya. A wasan kusa da na ƙarshe aka kai ga bugun fenareti, dogon mutumin nan ya kama biyu. Zunnu yana bin motar 'yan wasa duk inda za su, ya sauka ya shige cikin 'yan kallo da kaftaninshi, ya yi tafi tare da kowa. 'Yan wasa sun sani, ɗalibai sun sani, amma wa zai buɗe baki ana cin wasa?

Abin da ya ƙara rufa mana asiri shi ne son kan Koci. Duk wasan da aka ci hoto goma zai sa a Facebook, kuma goman nan duk shi ne. Ga shi yana nuna wani wuri da yatsa. Ga shi yana duba kwamfutar da ba ta kunnuwa. Ga shi ya ɗaga kai sama yana tunani. 'Yan wasa sai dai sunansu a ƙasa. Saboda haka abin da Jibiya ta karanta shi ne, Zunnuraini Ummaru ya kama fenareti biyu.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, aka yi ta tururuwa rumfar Baba. Direbobi, 'yan dako, dillalan dabbobi, kowa "Alhaji, barka da arziki, yaro ya fitar da mu kunya." Baban da ke cewa tamaula aikin wanda ya rasa abin yi ce. Cikin satin ya je Maraɗi, ya sauka gidan amininshi Elhaji Badamasi kamar yadda ya saba shekara talatin, ya dawo da wata baƙar leda. Muna tsakar gida ana cin tuwo ya miƙa wa Zunnu.

"Ungo. An ce hannunka shina kama abu."

Safar gola ce sabuwa fil, kore da fari. Zunnu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya.

"To ba ni labari," in ji Baba, yana gyara zama. "Ya aka yi ka kama har biyu?"

Ya kuwa ba shi. Yadda na farko ya bugo hagu ƙasa-ƙasa, yadda na biyu ya yi kamar zai buga dama. Tsaf ya faɗa, bai rage komai ba, ai daga cikin 'yan kallo an fi gani. Baba yana ta "Ikon Allah! Kai ɗin?" Inna har da guɗa. Ni kuwa na tsame hannuna daga tuwon, na ce yaji ne ya sarƙe ni.

Sai aka girbe gero.

Shugaban kwaleji ya yi ta zarya har masu gasa suka yarda a buga wasan ƙarshe a filinmu. Bai tsaya nan ba, ya aiko wa Baba kati mai ruwan zinare: Alhaji Ummaru, mahaifin gwarzon gola, babban baƙo na musamman. Baba ya ce zai je, kuma ya yi alkawarin rago.

Nan take na rubuta wa Koci, "Mun shiga uku. Baba zai zo fili."

"Kwantar da hankalinki, akwai sistem."

"Wane sistem?! Ɗanshi ne fa!"

"Rumfar manya tana nesa da raga. Gola zai sa hula ya ja ta har ido, ga doguwar riga da suna a baya. Idon Baba ba ya gani nesa, ke kika faɗa mani. Mutanen gari kuma kofi suke so, ba mai tonawa."

Sai ga wani saƙon: "Kin ci abinci?"

Ranar Asabar ta zo. Na sa leshina ruwan hoda wanda na ajiye don ranar kawo gaisuwa, na ɗaura kallabi na yafa mayafi, na zauna layin ma'aikata bayan rumfar manya. Fili ya cika maƙil, har kan katanga, har saman motocin kaya da ke jiran a buɗe masu hanya. An share kara amma tushiyar gero na nan tsaitsaye. Baba ya sha babbar riga fara ƙal da hula zanna, ragon yana ɗaure jikin ƙarfen rumfa. Can cikin ɗalibai na hango Zunnu ya rufe kai da hirami. Koci yana kai da kawo bakin layi, yau kwat ɗin baƙa ce.

Gaskiyar Koci ta wani wajen. Da 'yan wasa suka fito mutanen gari sun ga golan, sun san ba Zunnu ba ne, na ga ana zungurin juna ana dariya ƙasa-ƙasa, amma ba wanda ya ce uffan. Har na fara sakin numfashi.

Sai shugaba ya miƙe da makirfo a hannu. "Yanzu babban baƙonmu zai sauko ya gaisa da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya."

A duk kibiyoyin da Koci ya zana a allo babu wannan. Na ga ya ruga ya raɗa wa golan magana a kunne. Daga baya na ji abin da ya ce mashi: ka sunkuyar da kai, ka miƙa hannu, kada ka yi magana.

Baba ya bi layi yana ba su hannu, shugaba na biye da shi da makirfo, Malam Markus wakilin masu gasa na gefe da katunan 'yan wasa. Suka iso ƙarshen layi. Shugaba ya cika ya batse, ya ce, "Alhaji, ga gwarzon naka. Jama'a na son su ji abin da za ka ce mashi." Ya kara makirfon a bakin Baba.

Golan ya ɗago ido kaɗan ta ƙarƙashin hula. Ya fizge hular. Ya cire safar hannu. Ya duƙa ya kama kwance igiyar takalmi, ya tuɓe su duka biyu, ya zube ƙasa a durƙushe gaban Baba, kai sunkuye.

"Baba, ina wuni."

Ku da kuka san ƙasar nan kun san ba laifinshi ba ne. Wane ɗan mutunci zai ga aminin ubanshi ya tsaya ƙiƙam da takalmi ya miƙa mashi hannu? Kofin duniya ne ma sai ya durƙusa.

Baba ya leƙa fuskarshi. "Kalilu? Kalilu na Elhaji Badamasi? Kai, yaushe ka shigo daga Maraɗi ba ka sauka gida ba?"

Lasifika huɗu aka ɗaura a filin nan. Huɗun duk suna aiki.

"Ɗazu da sahe, Baba. Elhaji shina gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi, Baba."

"Iyali hwa? An ce an samu ƙaruwa."

"Awo, Baba, na ukku ke nan."

"Masha Allahu! Ka bar tuƙin kamiyon ɗin kaya ne?"

"A'a, Baba, ran Litinin ma muna da lodi."

Shugaba ya sandare, ya manta makirfon na hannunshi. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan ragon. Koci kuwa ya duƙufa kan kwamfutarshi yana danna baƙin gilashi da yatsa kamar amsar na ciki. Sauran 'yan Maraɗin biyu ba su jira ƙarshen gaisuwar ba, kan ka ce kwabo sun haura katanga da rigunanmu a jikinsu, suka haye babur ɗaya suka yi hanyar iyaka.

Baba ya kama kafaɗar Kalilu ya tashe shi, ya juya shi. Bokon Baba ba shi da yawa, amma ya isa karanta suna a jikin buhu. Ya karanta na bayan rigar a hankali, yana motsa leɓe.

"Kalilu, wa ya ba ka sunan ɗana?"

"Wallahi Baba ban san na gidanka ba ne. Cewa aka yi in an kira Zunnuraini in ɗaga hannu."

Sai filin ya fashe. Ihu, fito, dariya, 'yan ɗaya kwalejin suna rawa. Malam Markus ya zaro kati ya dubi hoto, ya dubi Kalilu, ya nuna wa Baba. Baba ya daɗe yana kallon katin nan. Ni dai ina zaune, leshin ya manne mani a baya don gumi, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ba a ɓata lokaci ba, Malam Markus ya ce an kore mu daga gasa, kofi na baƙi ne, kuma kwamiti zai zauna ran Litinin a gano wanda ya yi aikin. Mutane suka fara miƙewa. Baba ya karɓi makirfon da hannunshi.

"Ni rumfa na rufe na taho kallon ɗana. Ina yake?"

Zunnu ya taso daga cikin ɗalibai, ya sauke hiramin. Ya sa hannu a aljihun kaftani, sai ga safar nan kore da fari. Ashe duk inda za shi tana jikinshi.

Baƙi suka yarda a buga na sada zumunta, kofi dai ya riga ya shiga motarsu. Kalilu da kanshi ya tuɓe rigar ya sa wa Zunnu, ta sauko mashi har gwiwa. Aka nemo ɗalibai biyu suka cike gurbi. Koci ya ce kanshi na ciwo, ya koma inuwa.

Kwando ta dawo da ƙarfinta. Uku kafin hutu, uku bayan hutu. Zunnu na tashi sama da kyau yana faɗuwa kan tushiyar gero, gwiwarshi duk jini. Ana saura minti kaɗan ɗan gabansu ya taho shi kaɗai ya sheƙa wata ƙwallo, Zunnu ya yi tsalle, kuma yau ɗaya, Allah da ikonsa, gefe ɗaya suka bi shi da ita. Ya rungume ta a ƙirji ya ƙi saki. Baba ya miƙe tsaye da babbar rigarshi yana tafi shi kaɗai, sannan filin ya taya shi.

Da aka tashi ya juya wajen shugaba. "Shidan nan da ake faɗi, namu ne ko nasu?"

"Nasu ne, Alhaji."

"To. Shida aka ci, amma dai ɗana aka ci." Ya kwance ragon ya miƙa wa Zunnu igiyar.

Ban kai gida ba saƙonnin Koci suka fara shigowa.

"Hasken idona, kada ki tsorata. Mu daidaita baki kafin Litinin."

"Za a ce Zunnu ne ya kawo maki hoton a cikin ambulan, aiki ya yi maki yawa kika manna ba ki duba ba. Ni kuma kati na gani na yarda."

"Shi ɗalibi ne, kora ce kawai, ga makarantu nan birjik. Ni da ke in aka kore mu ina za mu?"

"Na yi magana da shi, ya yarda. Yaron na da hankali."

"Firojek ɗinmu na nan daram. Kin ci abinci?"

Na karanta su sau uku. Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Ba shi ba. Ni. Domin a karatu na biyu sai da wata 'yar murya a cikina ta ce, to ai kuma ya yarda.

Washegari Lahadi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ranar kasuwar Jibiya ta samu Baba a gida da hantsi ba. Ranar yana nan. Ya sa aka shimfiɗa mashi tabarma gindin darbejiya, ya aika Inna ta kira mu. Ragon na ɗaure can gefe yana tuƙar ƙaiƙayi. Na zo da hijabin salla, jakata da wayata a hannu, na durƙusa. Zunnu ya zauna da ƙyar saboda gwiwa.

Baba bai ɗaga murya ba. "Na ga katin. Kati ba ya manna kanshi. Wa ya yi?"

"Ni ne, Baba," in ji Zunnu, tun kafin ya rufe baki. "Ni na kai hoton. Na ga ana cin mu da yawa, na ce gara a sa wanda ya iya."

Har ya haddace. Da kalmomin Koci a bakinshi, yana kallon ƙasa, hannun da ya kama ƙwallo ɗaya tak a gaban ubanshi yana dafe da gwiwar da ta ji ciwo. Saura zango ɗaya yaron nan ya gama karatu.

Na buɗe jakar. Na zaro katin banki, na laluba bayanshi, na ciro ɗan hoton. Gefenshi ya tauye inda farcena ya shiga. Na ajiye shi a kan tabarma gaban Baba.

"Ƙarya yake yi, Baba. Ni ce. Da hannuna na ɓare shi."

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Zunnu ya ce, "Yaya, don Allah," na ce ya yi mani shiru. Na faɗi komai, ambulan, reza, inji, har saƙonnin jiya. Ina kuka ina faɗi, majina da hawaye, babu sauran aji.

Baba ya ɗauki hoton. Ya shafa shi da babban yatsa yana miƙar da inda ya lanƙwashe, ya cire hularshi ya sa shi a ciki, ya mayar.

"Wata biyu ina karɓar barka a kasuwa," ya ce. "Ina zaune nan ina sa yaro shina ba ni labarin abin da aka ƙwace mashi. Kina zaune kina cin tuwo."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Kin ba da sunan ɗan'uwanki haya, da sunan uwata a kanki."

Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara a kan tabarma. Ga sunan ɓaro-ɓaro a gilashi, yadda na ajiye shi da kaina tun damina: Kocin Zuciyata, da jan fure a gefe. Kowa ya gani. Bokon Baba ya isa wannan ma.

Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Ke," ya ce. "Ɗauka. Ki buɗe muryar kowa ya ji."

Shekara ashirin da biyar Baba bai taɓa kirana da "ke" ba. Na jira ko "Uwata" za ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Na share fuskata da gefen hijabi, na miƙa hannu na danna.